Shekarar da Akushi Ya Ƙi Sayuwa

Zainab, ranar sunan 'yarki na ji abin da wata baƙuwa ta faɗa miki a ƙofar kicin, lokacin da kike zuba wa mutane waina. Cewa ta yi da na bar mahaifinku ya ci gaba da kwamfutarsa, da yanzu sunansa yana bakin kowa a ƙasar nan. Kin yi murmushi kin wuce, amma na ga fuskarki. Na san ke da Faruk kun taso kuna jin maganar nan gutsure-gutsure, a gidan biki da harabar masallaci, ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya ba ku ita daga tushe. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ba mai son waiwaye ba ne. Ni kuma na ɗauka shiru ya fi. Yanzu na ga shirun ya bar wa wasu fili, don haka ga yadda aka yi.

A lokacin muna Silver Spring, a ƙaramin gidan nan mai jan bulo da kuka yi ƙuruciya a ciki. Ni ina kula da kwamfutocin wani asibiti, shi kuma Aminu yana wani babban kamfani, kullum safe ya bi jirgin ƙasa zuwa Washington. Mu biyun injiniyoyi ne, a Zariya muka haɗu, amma idonmu ba ɗaya ba ne. Ni in na ga na'ura, abin da nake fara dubawa shi ne ta ina za a buɗe ta ranar da ta lalace. Shi abin da yake fara tambaya, me ya sa aka yi ta da muni haka. Kwamfutocin wancan zamani manyan akwatuna ne masu launin toka, a tura su ƙarƙashin tebur, fankar cikinsu tana gurnani wuni guda. Wannan gurnanin ya daɗe yana damun mahaifinku. Yakan ce mutum yana kashe rabin rayuwarsa kusa da abin da yake jin kunyar baƙo ya gani.

Don haka da ya ce zai bar aiki su kafa kamfani shi da amininsa Dauda, ban hana shi ba. Wannan ma ina so ku sani. Dauda ɗan Jos ne, Kirista, tun jami'a suke tare, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Shi ya nemo mutanen da suka zuba jari, mahaifinku kuma ya yi zane. Na ɗauki nauyin gida da albashina, ban yi ƙorafi ba, domin na ga zanen kuma na san abin da na gani.

Ranar da ya kawo samfurin farko gida, ya ɗora shi a teburin cin abinci ya yaye zanen da ya rufa masa. Abu ne baƙi wuluk, zagayayye, mai sheƙi, wanda za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Ba sukuru ko ɗaya a jikinsa. Ba fanka a ciki, zafi yana fita ne da kansa ta wasu siraran ramuka a samansa. Ba maɓalli kuma, sai dai ka shafa gefensa ya kunnu. Duk inda ake saka waya an ɓoye shi a ƙasa don kada ya ɓata fuskar. Kakarku Inna tana wajenmu a lokacin, ta zo ganin likitan ido ta zauna. Ta matso ta leƙa, ta zagaya teburin.

"Wannan ai akushi ne aka kife," in ji ta.

Mahaifinku ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Shi ne, Inna. Naki na tuna da shi, wanda kike zuba wa Baba tuwo."

Inna ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari. Ta dube ni ta ce, "Kin ji yaron nan. An kai shi makaranta har ƙasar Turawa, ya dawo yana sassaƙa akushi." Amma daɗi ta ji. A kasuwa suna na Turanci aka sa masa. A gidanmu kuwa, da bakin Dauda, da duk wani Bahaushe da ya san mu, Akushi ne.

Farkon abin kamar a mafarki. An kai shi wani baje koli a Washington, mutane suka yi layi don su shafa shi kawai. Mujallu suka buga hotonsa. Abokan mahaifinku na tsohon ofis suka riƙa kiran waya suna taya murna. Aka ƙera da yawa, aka jibge kwalaye a wani sito da suka kama haya a garin Clinton, ana jiran oda. Sanyi ya wuce, furanni suka fito, kwalayen nan suna nan kamar yadda aka ajiye su, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Mahaifinku ne da kansa ya roƙe ni in ɗauki hutu daga asibiti in zagaya da shi. Ya ce na san ofisoshin likitoci, na san yarensu, kuma masu tallan da suka ɗauka ba su fahimci abin da suke sayarwa ba. Na yarda. Na sa Akushi ɗaya a kujerar gaba, na ɗaura masa bel kamar fasinja, na shiga gari.

Wajen Dakta Sa'adatu na fara. Likitar haƙori ce 'yar Katsina, tana da asibitinta a Clinton, kuma tun zuwanmu ƙasar nan take kamar yaya a gare ni. Na ɗora shi a teburinta. Ta daɗe tana kallo, ta kira ma'aikatanta su zo su gani. Da suka fita sai ta rufe ƙofa.

"Binta, ina allonsa?"

"Daban ake saya, Yaya."

"Sifika fa?"

"Ita ma daban."

"To ke faɗa min tsakani da Allah. Akwatin tokar nan da ke ƙarƙashin teburina ya zo da allonsa da komai nasa, kuma bai kai wannan tsada ba. Wane aiki wannan zai yi min da wancan ba ya yi?"

Na ce ba ya gurnani, kuma yana da kyau.

"Yana da kyau ƙwarai," in ji ta. "Amma a ɗakin nan injin haƙori yake kuka daga safe har yamma. Wa zai ji shirunsa?"

Ta sayi biyu duk da haka, kuma mu biyun mun san don wa ta saya.

Haka na yi ta yawo har zafi ya shigo. Na je wajen masu zanen gine-gine, waɗanda nake ganin su ne za su fi son abu mai kyau. Sun so shi kuwa, har sai da ɗayansu ya tambaya ta ina zai ƙara masa ƙarfi in aikinsu ya yi nauyi. Na ce ba a ƙarawa, yadda ya zo haka zai zauna. Mutumin ya mayar min da shi da hannu biyu cikin ladabi. Na je makarantu, suka ce da abin da za su sayi ɗaya za su iya sa yara da yawa a gaban akwatin toka. Na je gidajen mutane, matan gida suka yaba, mazan suka tambayi farashi suka canja hira. A hankali na gane inda muka tsaya. Masu ƙarfin saye suna neman na'urar da za ta girma tare da aikinsu, namu kuwa a rufe yake ruf. Masu son shi don kyau kuma ba su da aikin da zai sa su biya wannan tsadar. Mun yi abu don wani mutum da ke tsakanin waɗannan biyun, na kuma zagaye Maryland da Virginia ina nemansa, da kyar nake samun ɗaya.

Akwai kuma abin da hoton mujalla bai nuna ba. A hoto Akushi yana zaune shi kaɗai a kan farin tebur. A ofis kuwa sai ka haɗa masa allo da firinta da sifika da madannan rubutu, ga wata ƙatuwar caja da aka fitar waje don cikinsa ya yi ƙanƙanta. Kafin ka gama, wayoyi sun fito ta ƙarƙashinsa ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo. In kuma za ka saka wata sabuwar waya, sai ka ɗaga shi ka kifa, duk sauran su tsinke.

Da zafi ya yi tsanani sai waɗanda suka saya suka fara kira. Wata Baturiya ta ce duk lokacin da kyanwarta ta gifta ta goga jikinsa sai ya mutu, aikinta ya tafi. Wani ya ce ya ga siraran layuka a jikin baƙar robar kamar tsagewa. Ba tsagewa ba ce, sawun ƙira ne, kuma da a akwatin toka ne ba wanda zai duba. Amma mutumin da ya sayi abu don kyansa, da fitila yake duba shi. Mafi yawa kuwa kukan zafi suke yi. In ɗaki ya ɗumama sai ya rage gudu, can ya kashe kansa. A gidanmu ma ya faru. Wata rana mahaifinku ya dawo ya tarar da nasa a mace, da wani farin mayafi na saƙa a kansa. Inna ce ta saƙa masa, don kada ƙura ta ɓata shi, ta toshe ramukan iskar ba ta sani ba.

Bai yi wa Inna magana ba. Ni ya samu a kicin.

"Sai an koya wa mutane yadda ake zama da shi," in ji shi.

"Baban Zainab, a duk ofishin da na shiga, takardu ake ɗorawa a kan kwamfuta. Wasu har kofin shayi. Mutane nawa za mu koya wa?"

"Kin fara magana kamar masu akwatin toka."

"Wajensu ka aike ni."

Ya ɗauki mayafin ya ninke shi da kyau, ya kai wa Inna, ya ce ta yi masa hula da irin zaren.

Ranar da mutane suke nufi in sun ce na kashe kamfani, wata Lahadi ce bayan la'asar. Dauda ya zo daga coci kai tsaye, muka ci shinkafa, aka kwashe kwanuka. Ku biyu kuna tsakar gida kuna wasa da ruwa. Mahaifinku ya shimfiɗa sabon zane a tebur. Akushi ne dai, amma launi-launi, ja da shuɗi da fari. Ya ce masu jari sun ja baya, amma banki ya yarda ya ba da rance a ƙera zubi na biyu, in za a jinginar da gidan. Gidan kuwa da sunanmu mu biyu yake, ba abin da zai yiwu sai da sa hannuna.

Na duba zanen da kyau, don kada ya ce ban duba ba.

"An sa fanka?"

"A'a."

"Ana buɗe shi?"

"In aka sa masa ƙofa da sukuru ya zama kamar na kowa, Binta."

"Farashin ya sauka?"

Dauda ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi.

Na ce, "Ba wanda ya mayar min da shi don baƙi ne. Da akwai wanda ya ce da ja ne zai saya, da na faɗa maka. Ba zan sa hannu ba."

"Ke ce kika ce in bar aiki."

"Ni ce. Kuma da za a koma baya zan sake cewa. Abin da ka ƙera yana da kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma na kai shi gaban mutane, na ga idonsu, na ji bakinsu. Ba zan ɗora ɗakin kwanan yaran nan a kan abin da na san ba za a saya ba."

Ya juya wajen amininsa. "Dauda, kana ji?"

Dauda ya ɗago. "Aminu, ni ma na je siton jiya. Madam ba ƙarya ta yi ba."

Mahaifinku ya naɗe zanensa a hankali, ya sa roba ya ɗaure, ya hau sama. Dauda ya yi min sallama a ƙofa bai iya haɗa ido da ni ba. Daga ranar zumuncinsu bai koma yadda yake ba. Bayan an rufe kamfanin Dauda ya samu aiki a wata jiha mai nisa, sai gaisuwar salla da ta Kirsimeti. Wannan yana cikin abin da aka biya, kuma har yau ina jin sa.

Inna ta ji komai daga falo. Da na shiga kai mata shayi ba ta karɓa ba.

"Binta, a gaban baƙo?"

"Dauda ba baƙo ba ne, Inna."

"Ko ma wane ne. Namiji ya miƙo hannu a gidansa, matarsa ta bar hannun a sama. Mu ba haka muka ga ana yi ba."

Na durƙusa na ajiye kofin a gabanta. Na ce ta yi haƙuri da yadda na faɗa, amma abin da na faɗa ba zan janye ba. Ta kawar da kai. Har ta koma gida ba ta sake zama hira da ni kamar da ba, ko da yake a filin jirgi ta riƙe hannuna ta ce in kula mata da yaron.

Kamfanin ya rufe lokacin da ganye ya fara zuba. Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a aurenmu. Mahaifinku bai taɓa ɗaga min murya ba. Yana gaishe ni da safe, yana cin abin da na dafa, yana kai ku makaranta. Amma in na shigo ɗaki sai ya tuna yana da abin yi a wani ɗakin. Ya nemi aiki, ya samu wanda bai kai na da ba, ya karɓa. A wajen taro kuma na ga yadda wasu mata suke yin shiru in na iso. Ke Zainab kin taɓa tambayata da Turancinki ko Baba yana fushi da mu ne, na ce gajiya ce. Ban yi kuka a gaban kowa ba, ban kuma je ina bayyana wa kowa dalilina ba. Ina da aikin da ya fi wannan.

Aikin shi ne mutanen da suka saya. Ba su da yawa, amma sun amince da mu, wasunsu da bakina na shawo kansu. Kamfani ya mutu ya bar su da na'urar da ba wani mai gyara a gari da ya san ta inda ake buɗe ta. Na ce wannan kam ba za a yi da ni ba. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce duk wanda nasa ya samu matsala ya kawo gidana. Na roƙi masu jari suka bar min wasu daga cikin kwalayen da suka rage, na kwaso su a mota na sauke a ɗakin ƙasa, don in riƙa cire kayan gyara. Na koma asibiti da aiki, Asabar da Lahadi kuma ina ƙasa. Shagon gyara da kuka taso kuka sani, wanda ya kai ku jami'a, wanda mahaifinku ya riƙe har ƙarshen ƙarfinsa, daga kan wancan teburin ya fara.

Maɓallin shafawa na samo masa dabara. Layukan jiki na ce wa mutane su yi haƙuri. Zafi ne ya gagare ni. Maganinsa ɗaya ne, a huda jikin a sa ƙaramar fanka, amma cikin Akushi a cushe yake, kuma duk inda na sa injin huda sai in taɓa abin da bai kamata ba. Na lalata biyu daga cikin na kwali ina gwaji. Mai zanen yana sama, yana jin ƙarar injin, bai sauko ba, ni kuma ban hau na roƙe shi ba.

Wata Asabar da hantsi, zafi ya sake zagayowa, Dakta Sa'adatu ta aiko da nata guda biyu, duka suna mutuwa kafin azahar. Na kifa ɗaya a kan tawul, na ɗauki fensir ina auna inda zan huda. Sai na ji taku a matakala. Ban juya ba. Ya tsaya a bayana ya daɗe, ina jin numfashinsa.

"Ba nan ba," in ji shi.

Na ɗaga fensirin.

"In kika huda nan za ki yanke wayar wuta. Matsa hagu. Ƙara kaɗan. Akwai fili a nan, na bar shi tun farko."

"Ka bar shi don me?"

"Don fanka," ya ce. "Dauda ya matsa min in bari, ko da za a buƙata. Ban faɗa wa kowa ba."

Na miƙa masa fensirin, ya zana da'ira da hannu ɗaya, ba tare da ma'auni ba. Na ɗauka zai mayar min. Sai ya ja kujera ya zauna, ya nannaɗe hannun riga, ya ɗauki injin hudar. Ya ɗan shafa baƙin jikin nan mai sheƙi da tafin hannunsa, sannan ya ɗora bakin injin ya danna. Garin roba ya zubo a kan tawul. Ni na riƙe, shi ya huda, ya goge bakin ramin, ya zaunar da fankar, ya ɗaure ta da sukuru huɗu da kowa zai iya gani. Muka haɗa wayoyi, ya shafa gefen, Akushi ya kunnu, fankar ta fara juyawa.

Ya karkata kai yana saurare.

"Yana da ƙara," in ji shi.

"Yana aiki," na ce.

Ya sa bayan hannunsa a bakin ramin, iska mai ɗumi tana fita. Ya daɗe a haka. Sannan ya ture shi gefe, ya karkaɗe tawul ɗin, ya miƙo min hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Miƙo ɗayan."